Ƙudan Mangwaro Ba Ya Tsayawa a Shingen Araba

Duk wanda ya saba sayen mangwaro a kasuwar Illela ranar Lahadi, musamman daga ƙarshen bazara zuwa faɗuwar ruwan farko, ya san abin da za mu yi magana a kai. Za ka zaɓi babba, jajir, mai sheƙi, ka biya kuɗinka, ka kai gida da murna. Sai an sa wuƙa a tarar da cikinsa ya yi laushi ya yi baƙi, ga 'yan tsutsotsi farare suna wutsil-wutsil. Wanda ya yi gaggawa kuwa, sai ya gatsa tukuna ya gani. Akan zagi mai talla, mai talla ya zagi ɗan sari, ɗan sari ya ɗora wa mai lambu. Mai laifin na ainihi yana can bisa reshe yana shan iska, ba wanda ya ambace shi.

Mu 'yan ƙungiyar matasa manoma ta wannan makaranta mun shafe shekarar nan muna bin sawun wannan mai laifi, a littafi da kuma ƙarƙashin itatuwan mangwaro da gwaiba na bayan ɗakin kwananmu. Abin da ya tayar da mu shi ne maganar da ake ta yi yanzu cewa man ƙamshin tsirrai, irin su ɗoɗɗoya da kanumfari da ɓawon lemo, zai iya maye gurbin maganin feshi na kanti. Mun yarda da rabin wannan magana. Ɗaya rabin ne muke so iyayenmu masu lambu da tsofaffin ɗalibai su saurara da kyau, domin a nan ne mutum zai iya zubar da kuɗinsa a banza.

Bari mu fara da gabatar da baƙon. Tun da can akwai ƙudajen 'ya'yan itace 'yan ƙasa a Afirka, kuma suna taɓa mangwaro daidai gwargwado. Amma a shekarar 2003 aka kama wani sabo a tarko a gaɓar tekun Kenya, wanda asalinsa daga nahiyar Asiya yake. A 2004 aka gan shi a Jamhuriyar Benin, kafin a ankara ya mamaye yawancin Afirka ta Yamma. A 2005 masana suka raɗa masa suna Bactrocera invadens, wato mai mamaya, suna zaton sabon jinsi ne. Bayan kamar shekara goma sai bincike ya nuna ashe tsohon ɓarawo ne da aka daɗe da sani a Asiya, mai suna Bactrocera dorsalis. Girmansa ya ɗan ɗara na ƙudan gida, yana da ratsin ɗorawa a ƙirji, fukafukansa garau. Ba ya bin shara, ba ya sauka a kan tuwo. Mangwaro yake so, da gwaiba, da lemo, da gwanda, da ayaba, har da wasu 'ya'yan itatuwan daji.

Yadda yake ɓarna shi ne ginshiƙin dukan maganarmu, saboda haka a yi mana haƙuri mu ɗan tsaya a kai. Macen tana da tsinke a ƙarshen cikinta. Da shi take huda fatar mangwaro ta zuba ƙwai a ƙarƙashi, ta tashi ta nufi wani. A rayuwarta tana iya yin ƙwai fiye da 1,000. Cikin kwana ɗaya ko biyu ƙwan ya ƙyanƙyashe, tsutsa ta shiga cin naman mangwaron daga ciki, ruɓa ta biyo bayanta. Bayan mako ɗaya zuwa biyu, yawanci mangwaron ya riga ya faɗo, sai tsutsar ta fito ta nutse cikin ƙasa, ta rufe kanta cikin wani ɗan ƙwanso. Bayan kamar kwana goma sabon ƙuda ya fito. Ashe ke nan daga ƙwai har zuwa fitowar sabon ƙuda, rayuwar wannan maƙiyi a ɓoye take, ko cikin ɗan itace ko cikin ƙasa. To, ina feshi zai same shi?

Gaskiya ne cewa zafi da bushewar ƙasarmu suna rage masa ƙarfi. Ya fi jin daɗi a kudu inda ake da laima, kuma ko a can sai ruwa ya fara sauka yake yawaita. Shi ya sa mangwaron da ya nuna da wuri yakan tsira, na aure mai nuna a makare ya sha kashi. Amma kada wannan ya sa mu saki jiki. Lambunan fadama da na bakin tafkin Kalmalo, da filayen noman rani na Birnin Ƙonni, duk suna da inuwa da danshin da yake bukata. Ga kuma motocin mangwaro da lemo da ke tasowa daga Binuwai da sauran jihohin kudu da mu, su sauke a Sakkwato da Illela, wasu su wuce ta Araba su shiga Nijar. Kowane kwando da ya ruɓe aka juye a bakin tasha, tamkar an buɗe masa masauki ne. An rufe wannan iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar. 'Yan kasuwa sun ji jiki, masu ɗaukar kaya sun ji jiki. Ƙuda kuwa bai taɓa tsayawa gaban kwastan ko duwan ba.

Da mai lambu ya ga ɓarna, abin da yakan fara yi shi ne ya je kasuwa ya sayo duk maganin da ya fi wari, ya zuba a famfon feshi ya wanke itacen da shi, sau da yawa ba takalmi ba abin rufe hanci. Wani har da fiya-fiya. Tsutsar da ke ciki ba ta san ana yi ba. Wanda ya sani shi ne mai feshin da ya shaƙa, da ƙudan zuma da ya zo shan fure, da yaron da zai tsinci mangwaron gobe da safe ya goge a rigarsa ya ci. Mun san inda irin wannan hali ya kai mu a kan wake: a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya ƙasashenta saboda yawan gubar ƙwari da aka samu a ciki, irin gubar nan ta fiya-fiya. Don haka mai neman wata hanya ba mahaukaci ba ne, kuma ba mu zo don mu yi masa dariya ba.

Mene ne ma man ƙamshi? In ka murje ganyen ɗoɗɗoya a tafin hannu, ko ka matse ɓawon lemo kusa da ido ka ji yaji, ka sadu da shi. Wani siririn mai ne da tsiro ke ajiyewa cikin ganye ko ɓawo ko fure, ba kamar man gyaɗa ba, domin shi in aka bar shi a buɗe tashi yake ya bi iska. Ana fitar da shi ta hanyar turara ganyen a rufaffiyar tukunya, a bi da tururin ta cikin bututu mai sanyi, ya koma ruwa, man ya taso sama a kwashe. Tsiro ba don mu yake yin sa ba, makaminsa ne na kare kai. Kakanninmu sun gane haka ba tare da ɗakin gwaji ba. Sun sa ganyen anza cikin rumbu, sun turara ɗoɗɗoya don sauro, sun san ƙamshin nobe. Masana ma sun tabbatar cewa man da ke cikin ɓawon lemo yana kashe ƙwai da ƙananan tsutsotsin wasu ƙudajen 'ya'yan itace, abin da ya sa lemo mai kaurin ɓawo ya fi mangwaro jure musu. An kuma gwada man tsirrai iri-iri a ɗakunan bincike, aka ga suna kashe ƙudan ko su hana mace sha'awar zuba ƙwai.

Sai dai kwalbar gwaji daban, lambu daban. A cikin kwalba ƙuda ba shi da wurin gudu, ƙamshin ma ba shi da wurin fita. A lambu kuwa, cikin watan Afrilu da zafin ƙasar Sakkwato ke haura digiri 40, abin da aka fesa da hantsi kafin la'asar ya tafi. Abin da ya sa ake yabonsa, wato ba ya daɗewa a jikin abinci, shi ne kuma rauninsa. Ga tsada. Yawancin ganyaye, sai ka turara kilo 100 kafin ka sami abin da bai wuce kilo ɗaya na mai ba, sau da yawa ma bai kai ba. Kanumfari ya fi su mai nesa ba kusa ba, amma ba ma noma shi, saye muke da ɗan karen tsada don kunu da yaji. In an cika shi da yawa kuma yana ƙona ganye. Wanda ya ce wa mai itacen mangwaro 30 ya riƙa wanke su da man kanumfari kowane kwana biyu, bai taɓa riƙe lissafin lambu ba.

A nan sai mu raba tsakanin man ƙamshi da man dogon yaro, don mun ji ana haɗa su. Man dogon yaro matse shi ake daga ƙwallon, kamar man gyaɗa, ba ya tashi da sauri, kuma aikinsa dabam ne: sinadarin da ke cikin ƙwallon, azadiraktin, wanda aka fara warewa a 1968, yana hana ƙwaro cin abinci da girma. Shi dai muna da shi a ƙofar kowane gida, kyauta. Yana da amfani a kan tsutsar ganye da ɗan wake a ajiya. Amma shi ma ba ya shiga cikin mangwaro ya fito da wadda ta riga ta shige.

To, ina rabin maganar da muka ce mun yarda da shi? Ga shi. Babban amfanin ƙamshin tsiro a kan wannan ƙuda ba kora ba ne, kira ne. A shekarar 1912 wani masanin ƙwari Baturen Ingila mai suna Howlett, yana aiki a Pusa ta ƙasar Indiya, ya ba da rahoton wani abin mamaki. Man sitronela, wanda mutane ke shafawa don sauro ya guje su, shi ne yake tara ƙudajen 'ya'yan itace, kuma dukansu maza. A 1915 ya gano cewa wani sinadari ne a cikin man, metil-yujinol, yake jawo su. Daga baya an same shi cikin tsirrai fiye da 450, har da wasu 'yan uwan ɗoɗɗoya. Namijin ƙudan nan yana jin ƙamshinsa daga nesa, ya taso ya zo ya yi ta lasa kamar ba gobe. Hausawa sun riga sun faɗa, ƙuda wajen kwaɗayi akan mutu.

Da wannan kwaɗayi aka ci shi da yaƙi a wurare da dama. A tsibirin Rota da ke tekun Pasifik, tsakanin 1962 da 1963, an jiƙa 'yan guntayen allo da wannan sinadari haɗe da ɗan guba, aka warwatsa ko'ina, har maza suka ƙare, matan suka rasa mai yi musu barbara, irin ya mutu. Ƙasar Japan ma ta bi wannan hanya a tsibiranta na kudu, ta gama da shi a 1986. A lura da bambancin. Maimakon a shafe itace dukansa da guba, ɗigo kaɗan ne a kan auduga cikin tarko, ba ya taɓa abin da za a ci. Tarkon kuwa ba wani abu ba ne: gorar ruwa ta roba da aka huda wa ƙofofi uku ko huɗu a kafaɗa, a rataya audugar daga murfi, a zuba ruwan sabulu a gindi, a rataye ta a inuwar reshe. Mun yi irinsa a lambun makaranta. Ranar da muka fara juye abin da ya kama, har Baba mai gadi, wanda da farko ya ɗauka wasan yara muke, ya matso ya tsuguna yana ƙirgawa tare da mu.

Akwai wani gargaɗi da ba mu taɓa jin masu tallan magani sun faɗa ba. Namijin ba don banza yake neman wannan ƙamshi ba. In ya sha, jikinsa yana sarrafa shi ya zama turaren da yake jawo mace da shi, kuma namijin da ya sha ya fi wanda bai sha ba samun mata. Saboda haka wanda ya rataya ƙamshi a lambunsa ba tare da abin da zai kashe mai zuwa ba, ko ya bar ruwan tarkon ya bushe, ya zama mai gyara ango. Ya kira ɓarawo, ya ba shi tuwo, ya shafa masa turare, ya sallame shi.

Na biyu, ba kowace ɗoɗɗoya ce ke da wannan sinadari ba. Tsiro iri ɗaya yakan ba da mai dabam-dabam bisa ga irinsa da ƙasar da ya fito. Kanumfari ma, abin da ya cika shi yujinol ne, ɗan uwan wancan, amma ba ya kusa da shi wajen jan ƙuda. Na uku, kowane ƙuda da abin da yake so. Metil-yujinol ba ya kiran ƙudan da ke huda kankana da kabewa da guna, wanda masu noman rani suka fi kuka da shi, kuma ba ya kiran tsohon ƙudan mangwaro ɗan ƙasa. Shi wannan na ƙarshe an gano cewa wani ingantaccen man citta yana jawo mazansa, abin da ya kamata ya faranta wa manoman citta na Kaciya da Kafanchan rai. Wanda bai san wane ƙuda ke cin gonarsa ba, zai sayi tarkon kura ya kafa wa ɓera.

Haka nan muna roƙon jama'a su daina ɗaukar cewa duk abin da ya fito daga tsiro ba ya cutarwa. Tunya tsiro ce, haka ma zaƙami. Shi kansa metil-yujinol, a 2023 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo wannan ciwo. Ba abin shafawa ba ne, ba abin zubawa a abinci ba ne, ba kuma abin bari kusa da ƙananan yara ba. Wurinsa cikin tarko. Duk kwalbar da aka kawo kasuwa ba suna, ba bayani, ba lambar hukuma, mai ita yana rantsuwa cewa ganye ne zalla, a bar masa kayarsa.

Ko da tarkon ya yi aiki yadda ake so, maza kawai yake kamawa. Macen da ta riga ta sami namiji a lambun maƙwabci za ta tsallako katanga ta yi ɓarnarta. Rota tsibiri ne, teku ta kewaye shi. Mu kuwa daga Gwadabawa zuwa Illela, daga Araba zuwa Ƙonni har Galmi, ƙasa ɗaya ce a shimfiɗe, iska ɗaya, kasuwa ɗaya, dangi ɗaya. Tarko ɗaya a lambu ɗaya labari kawai zai ba ka cewa baƙon ya iso. Sai dukan masu lambun gari sun rataya tare, tun mangwaro yana ɗanye ƙanana, kafin a ga bambanci. Ga mata kuma akwai wani abincin yaudara da ake haɗawa da ɗan magani a ɗiga a ganye nan da can, wanda malaman gona suka fi mu sanin inda ake samunsa.

Amma aikin da ya fi kowanne rage ƙuda shi ne wanda ba a sayarwa a kwalba, shi ya sa ba mai tallarsa. A tsince duk mangwaron da ya faɗo, aƙalla sau biyu a mako, kafin tsutsa ta fita ta shiga ƙasa. A ba dabbobi nan take, ko a ɗure a baƙar leda mai kauri a ɗaure baki a bar ta cikin rana kwana biyu uku, ko a binne a rami mai zurfin da ya wuce rabin mita. A nan zafin da ke kore man ƙamshi ya koma abokinmu, domin ba tsutsar da za ta rayu cikin baƙar leda a ranar Illela. Mai itace biyu uku a tsakar gida yana iya sa wa 'ya'yan jakar takarda tun suna ɗanyu. Mu kanmu sai da muka ji kunya da muka duba ƙarƙashin itatuwanmu, muka ga ashe shekara da shekaru makaranta tana kiwon ƙuda ba ta sani ba, mu ne kuma masu jifan mangwaro mu gatsa mu yar.

Ba mu ce a daina bincike a kan man tsirrai ba. Akasin haka muke so. Cibiyar icipe ta Nairobi da IITA a Kwatano sun yi shekaru suna aiki a kan wannan ƙuda, amma ɗoɗɗoyar bayan ɗakinmu da noben dajinmu sai namu sun auna su. Muna da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, akwai cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa, NIHORT, mai reshe a Bagauda ta Jihar Kano, a tsallaken iyaka kuma akwai INRAN ta Nijar. Cikin tsofaffin ɗaliban wannan makaranta akwai masu karatun kimiyya da aikin gona. Tambayoyin da muke miƙa musu ƙanana ne, amma amsarsu kuɗi ce a aljihun talaka. Wace ɗoɗɗoya ce cikin namu ke kiran ƙuda? Murjajjen ganyenta ya isa a sa a tarko, ko sai an turara? Kwana nawa ƙamshin ke yi a cikin gora a watan Mayu? In aka dace da guda, sai mai lambu ya shuka abin tarkonsa a bakin rijiya, ya huta da jiran kayan da ake shigowa da su daga waje.

Kafin nan, ga abin da muka ɗaura niyya a zangon karatu mai zuwa. Za mu rataya gora shida a lambun makaranta daga watan Fabrairu, biyu da sinadarin kanti, biyu da murjajjen ganyen ɗoɗɗoya, biyu da ruwan sabulu kawai don a ga bambanci. Kowace Asabar za mu juye mu ƙirga mu rubuta a littafi. 'Yan aji ɗaya da aji biyu, waɗanda da ma su ne suka fi kowa sanin inda mangwaro ke faɗowa, an ba su aikin tsinta ranar Talata da Juma'a. Muna kuma roƙon shugabannin kasuwar kayan marmari ta Illela su ware rami ɗaya na ruɓaɓɓen kaya, maimakon juye shi a bakin hanyar Araba. Duk mai lambun da ke son ganin yadda ake huda gorar, ya zo ranar Asabar da hantsi, ya taho da gorarsa.